Tokar da Goggo Abu Ta Yaba

Ko tsufa ya sa na fara ruɗa sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da Injiniya Rabi ta dire wani baƙin dunƙule a kan teburina ta ce in gaya mata ko mene ne. Wata Litinin ce a ƙarshen damina, ina cikin shekarata ta biyu a matsayin foman na filinmu na sarrafa ciyawa da ke bayan Gazara. Na ɗauki abin na jujjuya shi. Ga nauyi, ga ƙyalli, ga ramuka a jikinsa. Na ce kashin maƙera ne. Ta ce a'a, tokar curinmu ce, da guduma aka ɓantaro ta daga murhun injin shinkafa na Kudan, kuma mota ta biyu ke nan a jere da ta yi haka.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tarar da komai a rubuce a bango, don haka bari in koma baya kaɗan. Aikinmu shi ne mu sayi ciyawar giwa a hannun manoman fadama, daga nan Gazara har Likoro da Kurmin Kogi, mu mayar da ita curi mai tauri wanda za a hura wuta da shi a madadin itace. Babban mai sayenmu a lokacin shi ne wani Alhaji mai injin gyaran shinkafa a Kudan, wanda tukunyarsa ta turara shinkafa ke cin itace kamar ba gobe. A shekarar farko shanya ciyawar kawai muke yi, mu niƙa, mu cure. Wuta kam tana ci. Amma tokar ba ta zuba ƙasa kamar ta itace, narkewa take yi ta manne wa ƙarafan murhu, ta toshe hanyar iska, sai an kashe wuta an shiga da guduma. Abin da ya sa kamfani ya ɗauko Injiniya daga Zariya ke nan, tana zuwa mana Litinin da Alhamis.

Ita ce ta kawo tsarin da kuke bi yanzu. A yanko ciyawa da safe, kada ta kwana. A tura ta cikin injin matse rake tana ɗanya shar. A zuba tukar, wato ɓawon da ya rage bayan matsa, cikin kwamin siminti mai cike da ruwa ta yi awa guda. A sake matsewa, a shanya a daɓe, a niƙa, a kwaɓa da kokon garin rogo don ya kama jikinsa, sannan a cure. Ta yi mini bayani cewa ciyawa tana shan wani gishiri daga ƙasa, ɗan'uwan kanwa, shi ne ke sa toka ta narke, kuma matsa da jiƙo su ne ke fitar da shi.

Na gyaɗa kai, na ce na gane, alhali ban gane komai ba. Ni ɗan manomi ne. Tun ina yaro abin da na sani shi ne, duk abin da za a ƙona ana gudu da shi ne daga ruwa. Yau ga mace da takarda ta ce in tsoma makamashi a kwami in zauna ina duba agogo. Kuma da yake bakina ba ya rufuwa, sai na tambayi ma'aikata a gabanta ko za a ƙaro mana soso da sabulu a cikin kayan aiki. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba, rubutu kawai ta ci gaba da yi a littafinta.

To, ranar Litinin ɗin nan sai wasan ya dawo mini. Ta buɗe wata takarda ta ajiye kusa da dunƙulen.

"Malam Hamisu, duk zuwan da na yi ina ɗibar busasshiyar tuka a daɓe in kai ɗakin gwaji. Sakamako yana cewa ta wanku tas. Amma abin da ke isa Kudan bai wanku ba. Yaya aka yi?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, wallahi ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan."

"Bari in gaya maka abin da ofis suke zato. Suna zaton ranar da zan zo ake wankewa, in na juya baya a koma tsohon aiki. Kuma kowa ya san ra'ayinka a kan wankin."

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Ta ce in zauna, ba ta ce na yi ba, amma Alhaji ya aiko cewa mota ɗaya ta rage mana. In ta uku ta toshe masa murhu zai koma wa itacensa, kuma kafin a rufe fili ni za a fara sallama, da takarda mai cewa na yi ha'inci. A garin da kowa ya san gidan ubana, wannan kalmar ta fi korar zafi. Ta ba ni zuwa Alhamis.

Kwana uku na yi ina gadin ciyawa kamar mai gadin gonar kankana. Na bi masu yanka har fadama don in tabbatar ba ta jiya suke haɗo mana ba. Na tsaya a kan injin matsa. Mai matsar Baba Tanko ne, tsohon mai mazarƙwaila, aminin marigayi mahaifina. Ni na roƙe shi ya zo ya taimaka mana kafin rake ya nuna, domin duk ƙasar Makarfi ba a cika samun hannun da ya san injin nan kamar nasa ba. Na kalle shi yana tura ciyawa, tuka na fita ta baya, koren ruwa na zuba a daro ta gaba, kamar dai yadda na saba gani a kowace mamatsar rake. Ban ga aibu ba. Na koma kwami na riƙe waya ina ƙirga mintoci. Na sa aka zubar da ruwan jiƙo aka sake sabo a gabana. Na ɗanɗani ruwan rijiyarmu, na ɗanɗani na maƙwabta, ban san ma abin da nake nema a bakin nawa ba.

Ranar Talata na hau babur na tafi Kudan, na ce ƙila mai hura wutar Alhaji ne ke mana zagon ƙasa don yana da hannu a cinikin itace. Bawan Allah ya miƙo mini guduma ya nuna mini bakin murhu. Na leƙa na ga aikinmu da idona, na mayar masa da gudumarsa, na ba shi haƙuri. A hanyar dawowa na zargi direbanmu da musanya kaya, sannan na tuna babu wani mai yin curi a duk yankin balle a yi musanya da nasa. Da na iso fili na tarar ma'aikata sun riga sun yanke hukunci: baki ne ya kama mu, a nemo rubutu a yayyafa. Ba zan ɓoye muku ba, zuwa yammacin Laraba na fara ganin maganarsu da ma'ana.

Ranar Alhamis da hantsi na fita bakin ƙofa wajen Goggo Abu, wadda ke sayar mana da shinkafa da wake. Mun saba ba ta ɓarɓashin curin da ya farfashe ta yi girki da shi. Ta zuba mini, na zauna ina juya cokali.

Ta ce, "Malam, yau ba ka cin abincin. Ko jikin ne?"

Na ce lafiya lau, aiki ne.

"Af, aiki kuwa ai kun iya. Kai, Allah ya yi muku albarka da tokar nan taku. Na tsiyaye ruwanta na zuba a wake, kafin in gama yanka albasa ya yi luguf. Ta fi ta karan gero kaifi nesa ba kusa ba. Rabona da sayen kanwa tun da kuka fara ba ni."

Kun san matan ƙauye suna zuba ruwa a kan toka a cikin kwando ko tsumma, ya ɗiga a kwano, su yi amfani da ruwan a madadin kanwa. Ni dai na ji daɗi. A cikin kwana uku wannan ce magana mai daɗi ta farko da wani ya yi a kan kayanmu. Da motar Injiniya ta tsaya, na tare ta da labarin tun kafin ta gama amsa gaisuwa, ina fatan ko zai sassauta mata zuciya. Na ce ko ba komai dai akwai mai yaba mu.

Ta tsaya cak da jaka a hannu. "Malam Hamisu, ka san abin da ka faɗa kuwa?"

Na ce na faɗi alheri.

"Abin da ke nunar mata da wake shi ne abin da muke ta wahalar fitarwa. In da curin ya wanku, da tokar ba ta yi mata amfanin komai ba. Zo mu je wajenta."

A nan kaina ya ƙara kullewa, domin yanzu yabo ya zama shaida a kaina. Na bi ta kawai. Ta sa aka kawo tafi biyu na busasshiyar tuka daga daɓe, da curi guda daga wanda aka jera don mota ta uku. Aka ƙona kowanne daban a kan murfin gwangwani. Ta roƙi Goggo Abu ta tsiyaye mata kowace toka yadda ta saba. Goggo ta yi mamaki amma ta yi. Da ruwan ya taru, ta tsoma yatsa a na farko ta taɓa harshe.

"Wannan lami ne, 'yata. Ko miyar kuka ba zai gyara ba."

Ta tsoma a na biyu, ta yatsine fuska ta tofar. "Yauwa, ga tawa nan."

Injiniya ta juyo ta kalle ni, kuma a karon farko a makon nan ban ga zargi a idonta ba. Ta ce tukar tana barin daɓe da tsabta, curi kuma yana fita da gishiri, ke nan a tsakani ake mayar da shi. Ta tambaye ni me ke tsakanin daɓe da curi. Na ce injin niƙa, sai kokon rogo. Ta ce wa ke dama kokon. Na ce Baba Tanko, in ya gama matsa. Ni na ba shi aikin, saboda mai mazarƙwaila ya fi kowa sanin tukunya da wuta.

Rumfar dama kokon tana can ƙarshen fili, an kewaye ta da zana saboda iska. A cikin kwana ukun da na yi ina sintiri ko sau ɗaya ban leƙa ta ba. A kan wanki aka zarge ni, sai na tare a kan wanki. Muna matsowa na fara jin wani ƙamshi-ƙamshi mai ɗan ɗaci. Muka yi sallama muka shiga. Baba yana tsaye a kan babban kaskon ƙarfe irin na mazarƙwaila, wanda ya ɗauko daga gida da kansa. Abin da ke tafasa a ciki ba ruwan rijiya ba ne. Koren ruwan ciyawar nan ne, ya dahu ya yi duhu ya yi kauri, yana kwashe kumfar da ludayi a tsanake. A gefe ga duro uku cike da wanda bai kai ga dafawa ba, an rufe su da buhu.

Na ce, "Baba, barka da aiki. Wannan fa?"

Ya yi murmushi irin na wanda aka kama yana aikin alheri a ɓoye. "Au, kun gano ni? Da so na yi sai kaya sun karɓu tukuna in faɗa maka. Hamisu, ƙarfin ciyawa ai yana cikin ruwanta, kamar rake. Na ga kun matse shi kun bar tuka fanko, kun kuma jiƙa ta, na ce wannan me zai ci a wuta? Shi ne nake tara ruwan in dafa ya yi kauri, in dama garin rogon da shi. Ba ka ga yadda curin ke sheƙi ba? Kai da bakinka ka yaba."

Haka ne, na yaba. Har na ɗaga guda na buga a ƙasa na nuna wa ma'aikata bai fashe ba.

Ya ƙara da cewa, "Tun da na fara, ko ɗigo ban bari ya zube ba."

Injiniya ta gaishe shi da ladabi, sannan ta tambaya a hankali, "Baba, wa ya ce a mayar da ruwan?"

Ya juyo ya kalle ni. Sai a lokacin na tuna. Ranar da ya fara aiki ya tambaye ni, ruwan fa, ina za a kai? Ni kuma ina sauri, kuma ban san amsa ba, na ce masa, Baba, mu tukar muke nema, ruwan ka san yadda za ka yi da shi. Mutumin da ya tashi ya ga ana tarar ruwan rake kamar zinariya ana jefa wa awaki tuka, shi na ce wa ya san yadda zai yi da ruwa. Kuma ni kaina na tsaya a kan daron nan kwana uku ina kallonsa yana cika. Idona ya saba ganin daro a ƙarƙashin injin matsa, ban taɓa tambayar kaina inda ake kai shi ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne. Ya tambaye ni, ban ba shi amsa ba."

Ta buɗe takardar tsarin aiki ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ita ma abin da ta rubuta kawai shi ne a raba ruwa da tuka, ba ta taɓa zaton sai an ce a zubar ba. Sannan ta yi wa Baba bayani, da tausasa murya iyakar iyawarta, cewa ruwan nan shi ne cutar, shi ne ya toshe murhun Kudan sau biyu.

Da a tsakaninmu mu uku aka yi maganar, ƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma ma'aikata sun biyo mu sun yi cirko-cirko a bakin zana, kuma wani daga cikinsu ya kasa riƙe dariya. Baba ya kalli kaskon, ya kalli duro ukun.

Ya ce, "Ke nan ni na ɓata muku kaya."

Na ce ba haka ba ne. Injiniya ma ta ce ba haka ba ne. Bai yi musu da kowa ba. Ya janye itacen wuta, ya jira kaskon ya huce, ya wanke shi tas. Da aka zo tuntsurar da duro a kwata ya juya baya. Bayan sallar la'asar ya ɗaure kaskonsa a bayan keke ya yi mana sai da safe, kuma da safen bai zo ba.

Curin da aka jera don mota ta uku muka ajiye shi gefe, muka sake sabo da kokon da aka dama da ruwan rijiya. Bai yi sheƙi ba, kuma yana ɗan saurin fashewa. Na raka motar Kudan da kaina, domin har ranar zuciyata ba ta gama yarda da wankin ciyawa ba. Aka hura wuta tun hantsi. Da yamma mai hura wutar ya ja ƙarfe a ƙarƙashin murhu, toka ta zubo fara, laushi kamar garin tuwo. Alhaji ya ce a kawo mota ta huɗu. Injiniya ta rubuta wa ofis cewa babu ha'inci, a takarda ne aka bar giɓi. Goggo Abu ce kaɗai ta yi fushi da mu, ta ce mun lalata toka, ta koma sayen kanwa.

Aikina ya tsira, sunana ma ya tsira, amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Na aika wa Baba sau biyu, ya ce a gaishe ni. Da rake ya nuna na je da kaina. Na same shi a mamatsarsa a gefen Gazara, hayaƙi na tashi, an jera ƙananan kwanoni ana zuba mazarƙwaila. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Injiniya, ya ɓantaro mini mai ɗumi. Na ce na zo ne in ba shi haƙuri, in kuma roƙe shi in kakar rake ta wuce ya dawo, don wanda muka sa a injin yana karya mana haƙoran ƙarfe.

Ya ce, "Hamisu, ba fushi nake yi ba. Ni dai ba zan iya tsayawa ina matsa ruwa yana bin kwata ba. Hannuna ba zai yarda ba."

Na yi sauri na ce ai yanzu ba a zubarwa. Injiniya ta ce gishirin da ke cutar murhu abinci ne a wajen shuka, don haka a duro muke tarawa, amalanke ta kai fadama, a surka da ruwa a ba gonakin ciyawar. Manoman Likoro har rige-rige suke yi.

Ya ajiye ludayinsa. "Gona ake kaiwa?"

Na ce gona.

Ya kalli daronsa yana cika. Can ya ce, "To da ka ce mini haka ran da na tambaye ka, ai da ni zan riƙa kaiwa da kaina."

Ran da ya tambaye ni ban sani ba, kuma girman kai ya hana in ce ban sani ba, in je in tambayo. Bai dawo filin nan ba har yau.

Shi ya sa kuke ganin ina takura muku da tambaya in na ba ku aiki, ina cewa ku maimaita mini dalili ba umarni kaɗai ba. Mutanen da muke ɗauka a nan ba da hannu wofi suke zuwa ba. Kowa yana zuwa da abin da sana'ar gidansu ta koya masa, kuma duk inda ka bar masa giɓi da shi zai cike, da kyakkyawar niyya. In ƙaraminku ko babbanku ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku zo mu nemo amsar tare. Ni na ƙi faɗin haka sau ɗaya, kuma dattijon da ya fi kowa son in yi nasara shi ya kwashi kunyar a madadina.